Hulusi Bey da Farantan Maƙwabta

Shekara talatin da huɗu Hulusi Bey ya yi yana dukan ƙafafun jirgin ƙasa da guduma a tashar Eskishehir, kuma a kan haka ake biyansa albashi har ya yi fansho. Jirgi zai tsaya, shi kuma ya bi shi daga kai zuwa wutsiya da gudumarsa mai doguwar ƙota, yana ƙwanƙwasa kowace ƙafa yana kasa kunne. Ƙarfe mai lafiya yakan amsa da zaƙi ya ja sauti. Wanda ya tsage kuwa, ko tsagar ba ta kai silin gashi ba, a daƙile yake amsawa. Da ya ajiye aiki ya dawo gida da wannan kunnen ya rasa inda zai kai shi, sai ya koma ƙwanƙwasa kankana a kasuwa, da bututun ruwan gininmu, da kofunan shayin mutane in ya je baƙunta.

Matarsa, Nezahat Hanim, ita nata ciwon na fure ne. Tun da 'yarsu tilo ta yi aure ta tafi Izmir, ta shiga ajin koyon sana'a na matan unguwa, ta dawo da abin da ake kira dekupaj: a yanko fure daga jikin takardar goge baki, a manna shi da gam a kan katako ko gwangwani, a yi ta binsa da man sheƙi har ya zama kamar da shi aka ƙera abin. Cikin shekara ashirin ba abin da ya tsira a gidan. Tiren shayi, akwatin magani, tukwanen shuka na baranda, har murfin mitar wuta, duk sun yi fure. Ranar da Hulusi Bey ya rataye gudumarsa a bango, kwana uku aka yi ya tarar ƙotar ta fitar da wardi biyar. In sun je biki, mutane na kallon amarya, ita tana kallon takardun da ke kan tebur, kuma da wuya ta fito ba guda biyu a jakarta.

"Hanim," yakan ce mata, "ni fa tsoron gyangyaɗi nake a gidan nan. Wata rana zan farka in ji wardi a sanƙona."

"Ai da ya yi kyau," in ji ta. "Fili ne guda yake zaune a banza."

Abin da ya fi ci masa rai shi ne ta sami sabon akwati lafiyayye, ta shafa masa wani ruwa don fentin ya tsattsage ya zama kamar na kakanni. Mutum ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana farautar tsaga, ga matarsa tana sayen tsaga a kwalba! Wuri ɗaya ya yi nasara, wato farantan cin abincinsu. Ya ce shi ba akuya ba ne da zai yi kiwo a lambu, don haka farantan gidan farare ne fat har ta bar duniya. Sau ɗaya tak ya taɓa sa hannu a sha'aninta. Wata shekara aiki ya kai shi Ankara, ya ga ƙunshin takardu masu zanen lemon tsami da wani shuɗin tsuntsu da ya takure kamar mura ta kama shi, ya sayo mata tsaraba. Ta yi dariya har da hawaye, ta ce wannan tsuntsun likita yake buƙata. Bai sake ganin takardun ba, bai kuma sake sayo mata wasu ba.

A lokacin kaka Nezahat Hanim ta rasu, ranar wata Talata, bayan jinyar kwana tara. Ba zan ja wannan maganar ba, don har yau mu 'yan ginin ba mu saba ba.

Sai farantai suka fara zuwa. Perihan Hanim ta hawa na uku, wadda ta yi shekara talatin suna miƙa wa juna gishiri ta baranda ita da marigayiya, ita ce ta farko, da ganyen inabi naɗe da shinkafa. Mukaddes Hanim ta ƙasa ta kawo tsakin alkama da nama. Sauran matan suka biyo baya. Aka yi bakwai, aka yi arba'in, 'yar ta koma Izmir, farantai ba su daina zuwa ba. Hulusi Bey ya ci, ya wanke, ya goge, ya jera su a kan tebur. A nan gizo ya yi saƙa, domin ko yaron goye a garin nan ya san farantin maƙwabci ba ya komawa wofi. Nezahat Hanim ba ta taɓa mayar da shi haka ba, ko da 'yan gyaɗar dutse ne, irin mai taurin ɓawon nan ta ƙasarmu, za ta zuba a ciki. Abin kanti kuwa ta haramta shi: ta ce mayar da faranti da biskit na kanti kamar ka biya kuɗin abincin ne.

Shi kuma abu biyu ya iya a kicin, shayi da dafaffen ƙwai. Ba wanda ke jiran komai daga mutumin da ya rasa matarsa, amma wa zai gaya wa Hulusi Bey haka? Mutum ne da bai taɓa barin jirgi ya tashi da ƙafa ɗaya ba a duba ba. Farantai suka kai sha ɗaya. Ya koma fita kamar ɓarawo, sai ya kasa kunne a bayan ƙofa ya tabbatar ba silifar kowa a matakala sannan ya sulale.

Wata safiya yana neman allura ya buɗe kabad ɗin marigayiya. Ga takardu nan ɗaruruwa, a jere bisa launi, ga gam, ga buroshi, ga ɗan almakashinta mai lanƙwasasshen baki. Ƙamshin man sheƙi ya buge shi, sai da ya nemi kujera ya zauna. Ya daɗe a zaune. Can ya dubi kabad, ya dubi farantai sha ɗaya, dabara ta faɗo masa, irin dabarar da ke faɗo wa mutum in ba wanda zai ce masa kul.

Furen farko da ya manna a faranti ya fito a yamutse kamar goshinsa. Na biyu ya yage. Sai a na huɗu ya tuna yadda take lasar yatsa ta murza gefen takarda, ashe ɓawo uku ne a haɗe, na saman kawai ake so, mai siranta kamar fatar albasa. Daga nan kuma aikin ya shiga hannun ma'aikacin jirgi. Ya auna tsakiya da ma'auni, ya shafa man sheƙi sau bakwai, tsakanin kowace shafa ya jira awa shida da agogo a hannu. Kuma duk wannan ƙoƙarin a cikin farantin ya yi shi, daidai inda abinci ke zama.

Ya sa kwat ɗinsa, ya hau hawa na uku, ya danna ƙararrawa.

"Perihan Hanim, ga farantinki. Ya daɗe, a yi haƙuri. Amma dai bai dawo wofi ba."

Perihan Hanim ta dubi farantinta na tangaran, ɗaya daga cikin kayan aurenta, ta ga wani jibgegen wardi ya mamaye shi yana ƙyalli yana warin fenti. Ta ɗaga kai ta dubi mutumin, ta ga karon farko ke nan tun rasuwa da ya aske gemu.

"Kai, Hulusi Abi, yayanmu! Allah ya ƙara wa hannun nan lafiya. Kai ka yi da kanka?"

"Sau bakwai na shafa," in ji shi. "Ko jirgi ya bi ta kai ba zai ɓare ba."

Ta ce ya shigo ya sha shayi. Ya shiga, ya zauna da mijinta Rasim Bey, suka yi awa guda suna zagin sanyi da 'yan ƙwallo. Ya sauko yana jin kansa mutum.

To, tun daga ranar rayuwarsa ta hau layi. Faranti ya zo, ya ci, ya yi kwana biyu yana aiki, ya hau ko ya sauka ya danna ƙararrawa, a yaba, a ba shi shayi. Duk hunturun nan haka aka yi shi. Matsalar ɗaya ce: farantin da aka shafe da gam da man sheƙi ba a cin abinci a ciki. Zafi ya taɓa shi ya yi danƙo, cokali ya karce shi, miya ta ɗauki ɗanɗanon shagon kafinta. Sai dai a rataye shi a bango. Bangon Perihan Hanim ya cika. Cikin farantanta goma sha biyu saura huɗu, har Rasim Bey ya fara cin abinci a murfin tukunya yana ƙunƙuni. Mukaddes Hanim da ta ga gemun 'yar'uwarta ya kama da wuta, sai ta shafa wa nata ruwa, ta aika da miya a ƙaramar tukunyar ƙarfe, a ganinta ta tsira. Tukunyar ta dawo da inabi zagaye da ita har gindi, ba ta sake hawa wuta ba.

Ranar da matan ginin suka taru shan shayinsu na wata-wata, ba wata magana sai wannan.

"Ke ce aminiyar marigayiya, ke za ki gaya masa," in ji Mukaddes Hanim, tana kallon Perihan Hanim.

"In ce masa me? In ce abin da ya tashe shi daga kwance ɓarna ce? Ke kika ga fuskarsa da ya kawo na farko? Ki je ki gaya masa, ai ke kika fi kusa da ƙofarsa."

"Ni? Mutum ya kawo mini tukunya yana murmushi kamar ya kawo amarya, in buɗe baki in ce me?"

Aka rasa mai ɗaura wa kyanwa ƙararrawa. Daga ƙarshe suka yanke shawarar da suke gani ta hikima ce: a ci gaba da aika abinci, amma a robar yogot, wadda kowane gida ke da tarinta a ƙarƙashin wurin wanke-wanke.

Robar farko da ta zo, Hulusi Bey ya manna mata furanni uku ya mayar. Ta biyu kuwa da saƙo ta zo.

"Ba sai ka wahalar da kanka ba, Hulusi Abi," in ji Mukaddes Hanim, tana kallon takalminta. "In ka gama ka jefar kawai."

"In jefar?"

"Ai roba ce. Aikin naka ya fi ƙarfinta, wallahi, ya yi kyau da yawa."

Kunnen shekara talatin da huɗu ya ji kalmar nan "kyau" ta amsa a daƙile. Ya rufe ƙofa ya tsaya da roba a hannu, yana maido da duk yabon da aka yi masa tun farkon hunturu, ɗaya bayan ɗaya, yana ƙwanƙwasawa. Kaɗan ne suka amsa da lafiya.

Abin da matan ba su lissafa ba shi ne, ba abincin ne ya dame shi ba. Abin da ake jefarwa ba a mayar da shi, wanda ba shi da abin mayarwa kuma ba shi da dalilin danna ƙararrawar kowa. Mutum kamarsa ba ya hawa bene hannu rabbana ya ce ya zo hira. Kwanaki suka koma shiru kamar farkon makoki. Wata yamma da bazara yana dawowa daga masallaci, ya ga kyanwoyin unguwa uku a bakin ƙofar gini suna cin abincin da matan ke ajiye musu. A robar yogot suke ci, irin tasa sak, har murfin. Ya tsaya yana kallonsu, su ma suka ɗago suna kallonsa kamar sun ga abokin aiki. Wannan ya yi masa ciwo ƙwarai, ciwon da bai gaya wa kowa ba.

Daga ranar, duk wadda ta ƙwanƙwasa sai ya buɗe ƙofa kaɗan ya ce, "Na gode, na ƙoshi." Ya rufe kabad ɗin marigayiya. Ya koma shayi da ƙwai, wandonsa ya fara neman sabon rami a bel, gemu ya dawo.

Haka aka kai watan Muharram, gidaje suka ɗora tukwanen ashure, kunun alkama mai zaƙi da ake raba wa maƙwabta ranar Ashura, ƙamshin dafaffiyar alkama da kirfa ya cika matakala. A ranar nan ko maƙiyinka ne ya kawo ba ka mayar da shi, amma Hulusi Bey ya shirya amsarsa. Da azahar aka buga ƙofar, ba da yatsa ba, da ƙafa.

"Na gode, Perihan Hanim, na ƙo..."

"Ka ƙoshi da me? Da ƙwai? Matsa, hannuna zai ƙone."

Ta wuce shi ta dire wani kwanon gilashi a kan tebur, cike har baki, an lulluɓe samansa da 'ya'yan rumman da gyaɗa. Ta ja kujera ta zauna ta harɗe hannu.

"Zauna ka ci. Ba inda za ni sai na ga gindin kwanon nan."

"Ai da kin zubo a roba," in ji shi, yana kallon taga. "Ta fi sauƙi. Ni da kyanwoyin ƙofa ba mu da zaɓi."

Fuskar Perihan Hanim ta yi ja. Sannan ta fashe.

"Au, abin da ka ɗauka ke nan? To bari ka ji, tun da kunya ta hana mu magana har ta kai mu ga rashin kunya. Faranti takwas ka cinye mini, Hulusi Abi! Takwas, na aurena! Rasim a murfin tukunya yake cin abinci kamar ɗan gudun hijira. Mukaddes tukunyarta tana kan talabijin an sa mata furen roba. Kai da ka iya jin tsaga a ƙarfe, ba ka iya tambayar kanka a ina mutanen nan suke cin abinci ba?"

"Ku kuka ce ya yi kyau."

"Ya yi kyau mana! Bango ma ya gode. Amma bango muke ciyarwa? Laifinmu ne da ba mu faɗa ba, na yarda, garin gyaran gira muka tsone ido. Yanzu ɗauki cokali kafin in ɗura maka."

Ya ɗauki cokali, don ba a musu da Perihan Hanim in ta kai nan. Ya ci loma ɗaya don kara, ta biyu don yunwa, daga nan kuma ya daina lissafi. Ta yi daɗi, ba ƙarya. Yana kankare gindin kwanon sai wani rawaya ya leƙo ta ƙarƙashin alkama. Ya ƙara jan cokali. Lemon tsami ne. A gefensa ga wani shuɗin tsuntsu ya takure kamar mura ta kama shi.

Cokalin ya tsaya a hannunsa.

"Wannan a ina kika same shi?"

"A ina kuwa? Nezahat mana. Shekara goma sha biyar ke nan. Juya shi ka gani."

Ya juya. Ta waje aka manna takardar, fuskarta na kallon gilashi, aka rufe bayanta da farin fenti. Ciki kuwa gilashi ne zalla, sumul, a ci a wanke a sake ci.

"Ta ƙasa ake yi, Hulusi Abi, in abin cin abinci ne. A gabanka ta yi ta yi, kana can kana ƙwanƙwasa kankana. Kowace mace a ginin nan tana da irinsa guda. Mun ce mata tsuntsun nan muni gare shi, ta ce ta sani, amma mijinta ne ya ɗauko shi tun daga Ankara, ba za ta ɓata shi a akwatin da za a ajiye a lungu ba. Ta ce gara a sa shi inda za a riƙa ganinsa kullum in an ƙoshi."

Hulusi Bey ya ƙura wa tsuntsun ido. Shekara goma sha biyar yana zaton a kwandon shara tsarabarsa ta ƙare, ashe tana yawo a benen nan hawa-hawa, a ƙarƙashin abincin mutane. Ya ɗaga cokali, don hannunsa bai san wata hanyar tambaya ba, ya ƙwanƙwasa bakin kwanon a hankali. Sautin ya tashi siriri, ya ja, ya daɗe kafin ya mutu. Sai ya sa fuskarsa a tafin hannu ya yi kukan da bai yi ba ranar jana'iza. Perihan Hanim ta tashi ta shiga kicin ta ɗora shayi, ta daɗe tana neman sukarin da ke gabanta.

Yanzu in ka je kasuwar Laraba za ka gan shi wurin masu gilashi, yana ƙwanƙwasa farantai ɗaya-ɗaya har mai kaya ya gaji. Ta ƙasa yake mannawa, kuma ya riga ya mayar wa Perihan Hanim takwas ɗinta, Rasim Bey ya sauka daga murfin tukunya. Ruwan tsaga ne dai har yau ya ƙi taɓawa, ya ce a bar shi ya mutu da mutuncinsa.

Amma wannan duk daga baya ne. Washegarin ranar ashure, da hantsi, ya aske gemu, ya sa kwat, ya hau hawa na uku da kwanon gilashin a wanke, da gyaɗar dutse uku a ciki. Perihan Hanim ta buɗe, ta leƙa kwanon.

"Uku? Nezahat biyar take sawa."

"Ita ai ta daɗe a aikin. Ni sabon ɗauka ne."

"Tsaya nan, kar ka motsa."

Ta shiga, ta fito da faranti na tangaran, fari fat, ɗaya daga cikin huɗun da suka tsira, da burek, irin sambusar garin nan, mai zafi yana tururi a kai.

"Wannan dawowa zai yi, ka ji? Gobe nake son abina. Kuma wallahi in na ji warin gam a jikinsa, ni da kaina zan manna maka wardin nan a sanƙo."

"Ai fili ne yake zaune a banza," in ji Hulusi Bey.

Ya karɓa da hannu biyu, ya juya ya fara sauka a hankali, yana lissafin inda zai samo gyaɗa biyar kafin gobe.